Gida biyu na kama a Abuja lokacin bikin autarmu, ga yadda kuɗin suka kaya

Tun da aka gama bikin autarmu a Disamba ƙawaye ke ta tambayata wai ina na sauke 'yan Zariya, nawa na biya, kuma gidajen nan na kwana biyu kwana uku da ake ce wa shotlet da gaske sun fi otal sauƙi ko dai yayi ne kawai. To bari in faɗa muku gaba ɗaya tunda har yau rasit ɗin suna cikin wayata. Ni a Kubwa nake, ɗaki biyu da falo ga yara uku, ba yadda za a yi in zuba manya goma sha huɗu a ciki, shi ya sa na kama gida biyu. Na mata a Gwarinpa, shi ta manhajar waje na kama, irin waɗannan da ake biya da kati. Na su Baffa kuma a Jahi, ta hannun wani ejan da na ci karo da tallarsa a intanet.

Na Gwarinpa ɗaki uku ne, kowane da banɗakinsa, falo babba, kicin. Kuɗin kwana ɗaya in aka juya shi zuwa naira ya kama dubu 110, na buga kwana huɗu a kaina na ce dubu 440, na ma riga na faɗa wa Yaya haka tunda shi zai ba da rabi. Da na zo shafin biya sai ga kuɗin shara da goge-goge dubu 25, sai ga la'adar manhaja wajen dubu 65, jimilla dubu 530, kuma da alat ya shigo sai na ga banki ya cire dubu 542 saboda da dala aka caje ni kuma canjin banki ya ɗan haura wanda na yi lissafi da shi. Wallahi sai da na ajiye wayar na sha ruwa tukunna. Ka ga kenan kwanan da na ɗauka dubu 110 ne ya tashi dubu 135 da ɗoriya. Shi ma biyan da katin naira ba da daɗewa ya dawo ba fa, tun wajen 2022 bankuna da yawa suka rufe biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka buɗe, kafin nan sai kana da katin dala ko ka roƙi wani ya biya maka.

Ita la'adar nan ita ta fi ɓata wa mutane rai, ni ma ranar ta ɓata min, amma yanzu ita ce kuɗin da na fi yarda da su a cikin duk abin da na kashe. Ai dillanci ne, ko a kasuwar Wuse dillali ba ya haɗa ka da mai kaya don Allah kawai. Airbnb, manhajar kama gidan kwana da aka kafa a Amurka a 2008, tsarin da aka daɗe da saninta da shi shi ne mai gida ya ba da kashi 3 cikin ɗari, baƙo ya biya wajen kashi 14, akwai kuma tsarin da mai gida ke ɗaukar duka, wajen kashi 15. Booking.com ta ƙasar Holan ita daga mai gida ko mai otal take karɓar nata. To kar ki ga ba a rubuta miki la'ada ba ki ɗauka kyauta ne, mai gida ya riga ya cusa ta cikin kuɗin kwana, ke dai za ki biya ko ta gaba ko ta baya. Abin da kike saya da ita shi ne kuɗinki ba sa shiga hannun mai gida nan take. A Airbnb sai an yi wajen awa 24 da shigar baƙo sannan a sakar wa mai gida kuɗinsa, kuma in ka tarar da gidan ba shi ne na hoto ba kana da awa 72 ka kai ƙara. Mai gidan da ya san kuɗinsa na rataye, in ka kira shi zai ɗaga.

Kuma na gani da idona. Ranar da su Gwaggo suka iso wajen la'asar, gajiya ta cika su, hanyar Kaduna ga yara, aka buɗe famfon ɗakin ƙarshe ba ruwa. Na tura wa matar da ke kula da gidan saƙo ta cikin manhajar, ko minti arba'in ba a yi ba sai ga ta da mai gyara, tana ta Hajiya ku yi haƙuri, ashe wani makunni ne aka rufe a bayan gida. Wuta kuwa kwana huɗun nan ban ji yara sun yi ihun an kawo wuta ko sau ɗaya ba, saboda akwai sola da inbata, in wutar AEDC ta ɗauke fanka da firij da fitilu ba sa ko ƙiftawa, esi ne kawai ke tsayawa sai maigadi ya ta da janareta.

Abin da ya rage wa gidan maki a wurina shi ne an shirya shi ne don mutum biyu masu shan shayi, ba don gidan biki ba. Tukwane uku ne a kicin, babbar cikinsu ko mudu ɗaya na shinkafa ba za ta ɗauka ba, Gwaggo ta ɗaga ta tana juyawa ta ce “'yar nan, wannan ai ta dama kokon jariri ce.” Ba muciya, ba turmi, ba buta ko ɗaya a banɗaki uku. Sai da na koma Kubwa da daddare na kwaso tukwanena da butoci da tabarmi biyu, washegari na biya kasuwa na ƙaro bokiti. Sannan akwai doka a rubuce, ba taro, ba kiɗa, mutum takwas kawai za su kwana, mu kuma tara ne ban da yara. Allah ya taimake ni na karanta dokar kafin in biya, na tambayi matar da ke kula da gidan a rubuce ta ce ba komai ta yarda da tara, amma sa lalle kam a yi shi wani wuri, saboda maƙwabta. Turaren wuta ma sai da na tambaya, ta ce a sa a baranda kar garwashi ya taɓa kafet. Da ban tambaya ba da rigima za a yi, kun dai san gidan da matan Zariya suka sauka ba zai kwana ba kasko ba.

Duk da haka in aka zo maganar riba, gidan ya biya kuɗinsa. Otal ɗin da na fara tambaya a Utako ɗaki dubu 45 ne, kuma ɗaki huɗu za mu buƙata ko an matsu, kwana huɗu dubu 720 kenan, ba a sa harajin kashi 7.5 ba, ba a sa abinci ba. Mutum tara da yara su ci abincin otal sau uku a rana, wannan lissafin ko fara shi ban yi ba. A gidan kuwa Inna ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, da safe aka soya ƙosai aka dama kunun gyaɗa, aka baje a falo ana hira har ɗayan dare, tsofaffi suka yi sallarsu a tsanake ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan zaman ko otal mai tauraro biyar ba zai ba mu shi ba.

Na Jahi shi ne inda na ƙone. Hotuna masu kyau, bidiyo har da kiɗa, ɗaki biyu dubu 75 a kwana, ejan ya ce min Hajiya ai gara ki biya kai tsaye ba ruwanki da cajin manhaja. Maganar ta shige ni tunda a lokacin zafin dubu 65 ɗin can bai sake ni ba. Kwana uku dubu 225. Na ce to turo akawun, sai ya ce akwai kuɗin ajiya dubu 50 na ko za a fasa wani abu, za a dawo min da su ranar fita, akwai kuma nasa na ejan dubu 20. Waɗannan biyun ba ko ɗaya a cikin tallar. Biki saura kwana biyar, Disamba ce gidaje sun yi wuya kowa na aure, na rufe ido na tura dubu 295 zuwa akawun mai sunan mutum, ba na kamfani ba, rasit ɗina kawai hoton tiransifa.

Gidan dai yana nan, ba damfara ba ce irin ta a tura kuɗi a nemi mutum a rasa, kuma shi ne na hoton sai dai ya tsufa fiye da hoton. Dare na biyu wajen ƙarfe goma sha ɗaya Baffa ya kira ni, shi da ba ya kiran mutum da dare, ya ce “'yata, wuta ta ɗauke mana mu kaɗai, maƙwabta duk da haskensu, ga wani abu a bango yana ta ƙara.” Mita ce kuɗinta ya ƙare. Na kira ejan sau shida bai ɗaga ba, maigadi ya ce shi ba ruwansa da mita, janareta kuma na rukunin gidajen ne gaba ɗaya ba a tayar da shi sai wutar unguwa ta ɗauke. Da ejan ya kira da safe cewa ya yi ai wuta baƙo ne ke saya, haka tsarin yake. Ba inda aka faɗa min haka. Cikin daren na sa maigadi ya karanto min lambar mita na sayi wutar dubu 20 ta waya, kuma wanda bai sani ba ya sani, tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga layin da ake ce wa Band A yunit ɗaya ya haura naira 200, gidan kuma a kan layin yake, dubu 20 ɗin nan ko yunit ɗari ba ta kawo ba. Esi biyu da hitar wanka, kafin su tafi ta kusa ƙarewa. Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba ne, dattijo mai shekara saba'in ya zauna cikin duhu kusan awa ɗaya a garin da ni na gayyato shi.

Sai kuɗin ajiya. Ranar fita ba wanda ya zo duba gida, aka ce a bar makulli wurin maigadi. Sati ɗaya shiru, sati biyu ana ce min mai gida ya yi tafiya, sai a sati na uku dubu 30 suka shigo, wai an cire dubu 20 na tawul da ya yi tabo da kofi ɗaya da ya fashe. Na ce a turo min hoton tawul ɗin, har yau ina jira. Su Baffa sun rantse ba su fasa komai ba kuma na yarda da su, amma ba ni da hujja tunda ban ɗauki bidiyon gidan ba ranar shiga, ban ɗauka ba ranar fita. Wa zan kai wa ƙara? Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, nan Abuja take, amma mutum zai je da hoton tiransifa da saƙon murya ne a kan dubu 20, ga aiki ga yara. Na bar shi. In kin haɗa kuɗin ejan da na wuta da abin da aka cire, kwanan dubu 75 ya koma dubu 95, wato ƙarin da aka yi min a nan in aka auna da farashin talla ya ma fi na manhajar da nake gudu, kuma na can tun kafin in danna biya na gan shi a rubuce, na nan kuwa guntu-guntu ya riƙa fitowa bayan kuɗina sun riga sun tafi.

A Amurka tun watan Mayun 2025 doka ta tilasta wa otal-otal da masu ba da hayar gidajen kwana su nuna cikakken farashi tun a talla. Ina fata masu shotlet na Abuja su ɗauki wannan ko ba a tilasta musu ba, a rubuta kuɗin ajiya, a rubuta wa ke sayen wuta, a rubuta awa nawa janareta ke yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san riƙe gida da wuta ba wasa ba ne, ba wanda zai ce kar su ci riba, a dai faɗa wa mutum gaskiya ya shirya aljihunsa.

Wani abu da na lura da shi, kuɗin shara sau ɗaya ake biya ko kwana ɗaya za ka yi ko sati, don haka in kai kaɗai ne ka shigo Abuja ganin likita ko neman biza kwana ɗaya, ka tafi otal abinka, shotlet asara ce gare ka. Sai ana da yawa kuma za a kwana uku zuwa sama sannan lissafin ke juyowa. Kuma a duba sharaɗin fasawa da kyau, mu da ake iya ɗaga biki saboda rasuwa ko wani uzuri, na Gwarinpa in na fasa saura kwana biyar kuɗin kwana za su dawo, na Jahi kuwa da na tambaya dariya ejan ya yi ya ce Hajiya ai ba za a fasa ba insha Allah.

In maki zan ba da, Gwarinpa huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda kicin da butoci. Jahi biyu, su ma don gadajen suna da kyau kuma unguwar ba hayaniya. Ranar da muka fita daga na Gwarinpa matar ta zo da kanta muka zagaya ɗaki-ɗaki, ta ba ni lambarta ta ce in za mu dawo in kira ta kai tsaye za ta rage min kashi goma. Ita kam tunda na zauna a gidanta na ga halinta zan iya, amma sai ta rubuto min komai a saƙo, har da maganar wuta. Gwaggo ta riga ta ce in Allah ya kawo rabo aka zo suna can za a sauke ta, na kuma gaya wa matar ta sayi babbar tukunya kafin lokacin, ta ce in turo mata hoton irin wadda muke so.