Wasiƙa daga Kigoma ta Tanzaniya: sufurin ruwa a tafkin Tanganyika da jirgin da yaƙi ya bari

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan sana'a na bakin ruwa a Yawuri. Kun nemi bayanin yadda ake jigilar mutane da kaya a wannan tafki, da kuma ko akwai abin da ya bambanta da namu na Kainji. Akwai, kuma tushen bambancin zurfin ruwa ne da wani yaƙi da aka yi shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce.

Tanganyika ba tafki ba ne irin wanda muka sani. Tsawonsa ya haura kilomita 670, faɗinsa wajen 50, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 1,470. A duniya tafkin Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi. Ƙasa huɗu ke shan ruwansa: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. A Tafkin Chadi mai gora yana tura kwalekwale da ƙarfin hannunsa domin gora na taɓa ƙasa. A nan da ka ɗan bar gaɓa gora ta zama banza. A Kainji abin da ke fasa jirgi kututturen bishiyoyin da ruwa ya shanye ne lokacin da aka datse kogi. A nan babu kututture, iska ce abin tsoro. Tana tasowa da rana tsaka, musamman da rani idan ta kaɗo daga kudu, sai igiyar ruwa ta yi tsayi kamar ta teku. Shi ya sa jiragen katako na nan suna da zurfin ciki da dogon baki, ba su da shimfiɗaɗɗen gindi irin namu.

Jiragen haya na katako suna tashi daga Kibirizi, arewa da gari kaɗan, su bi ƙauyukan bakin ruwa har su wuce Gombe (suna ne ya zo ɗaya, wannan gandun birai ne, ba jiharmu ba). Cutarsu dai irin tamu ce: lodi fiye da kima, buhunan kifi da jarkokin manja a ƙasa, mutane a zaune a kai, rigar kariya ba ta isa kowa ba. Wanda ya tuna hatsarin Warra na watan Mayun 2021 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Inda suka fi mu shi ne suna da jirgin ƙarfe babba na gwamnati, Liemba, mai ɗaukar fasinja 600 da kaya tan 200, wanda ya shafe shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya. Wannan jirgin na yaƙi ne asalinsa.

Jamusawa ne ke mulkin nan har cikin Yaƙin Duniya na Farko. Sun kawo layin dogo daga Darussalam zuwa Kigoma a 1914, kilomita fiye da 1,200, shekara biyu kacal bayan jirgin ƙasa ya fara aiki sosai a Kano. Layinsu mita ɗaya cif ne faɗinsa, namu na da ya fi shi da ɗan kaɗan. An ƙera jirgin ruwan a 1913 a garin Papenburg na Jamus, aka raɗa masa Graf von Goetzen, aka wargaza shi aka zuba a akwatuna wajen 5,000, aka kawo ta teku da dogo, aka sake haɗa shi a Kigoma. Ya shiga ruwa a Fabrairun 1915, yaƙi na ci. Daga baya aka ɗora masa igwa mai bakin milimita 105 da aka ciro daga jirgin yaƙin Königsberg. Tun kafin nan ma tafkin na hannunsu, domin suna da ƙananan jirage biyu masu tururi, Hedwig von Wissmann da Kingani, kuma a Agustan 1914 Hedwig ya lalata Alexandre Delcommune, jirgin Beljiyam da ke mulkin Kwango a lokacin. Wanda ya mallaki ruwan yana iya sauke soja duk gaɓar da ya ga dama cikin dare ɗaya, abokin gaba kuwa sai ya yi makonni yana taka sayyada.

Dabarar Ingila ita ce abin da mai sana'ar jirgi zai so ya ji dalla-dalla. Sun ɗauki ƙananan jiragen inji biyu na katako, kowanne mita 12, injin biyu-biyu masu ƙarfin doki 100, gudunsu wajen kilomita 35 a awa. Asali sojan Girka aka ƙera wa. Aka sa wa kowanne ƙaramar igwa a gaba da mashinga a baya, aka kira su Mimi da Toutou, aka ba wani hafsa Geoffrey Spicer-Simson jagorancin mutanen da ba su kai talatin ba. Tun a gwaji a kogin Thames matsala ta bayyana: ba a ɗaure igwa da kyau ba, harbi ɗaya ta tumɓuke ta faɗa ruwa. Ko bayan an ɗaure ta da kyau, ba a harba ta a kaikaice, sai dai a saita bakin jirgi a kan abin da ake nufi.

Sun bar Ingila a Yunin 1915, suka sauka Cape Town, jirgin ƙasa ya kai su har Fungurume a Katanga ta Kwango, inda dogo ya ƙare. Daga nan kilomita 235 ne na daji da duwatsun Mitumba masu tsayin mita 1,800 kafin Sankisia. Tarakta biyu masu tururi da garken shanu ne suka ja jiragen a kan amalanke, 'yan ƙasa ɗaruruwa suna sare hanya suna kafa gadoji fiye da ɗari. Amalanken da aka zo da su daga Ingila sun karye, sai da aka sake gina wasu. Babbar wahala ruwa ce: tukunyar tarakta ba ta aiki sai da ruwa, lokacin kuwa rani ne, har sai da matan ƙauyuka suka riƙa ɗauko shi a ka daga nesa. A gangara mai tsanani sukan binne gungume a ƙasa su ɗaura igiya su saki jirgi sannu a hankali. Wannan zangon ya ci kusan mako shida. Sai ɗan gajeren dogo zuwa Bukama, sai kogin Lualaba da ruwansa ya ja baya har jiragen suna ta makalewa a yashi, sai dogo kuma daga Kabalo zuwa bakin tafki a ƙarshen Oktoba. Ba su saka jiragen a ruwa nan take ba; sai da aka tara duwatsu aka yi katangar tare igiyar ruwa a inda Kalemie take yanzu, don ba tare da ita ba iska ɗaya za ta farfasa su a gaɓa.

Faɗan kansa bai daɗe ba. Ranar 26 ga Disamba 1915 Kingani ya zo leƙen asiri. Igwarsa gaba kawai take kallo, don haka suka bar shi ya wuce, suka biyo shi ta baya ta gefe biyu. Cikin minti 11 harsashi ya kashe kyaftin ɗinsa, aka kama jirgin, aka gyara, aka sa masa suna Fifi da igwa mafi girma. Ita ma ta fi ƙarfinsa: duk harbi sai ta kusan tsayar da shi cak. Ranar 9 ga Fabrairu 1916 Fifi da Mimi suka kori Hedwig na tsawon sa'o'i. Igwar Fifi ta cije na kusan minti 20, da ta saki sai harsashi ya faɗa ɗakin inji, Hedwig ya nutse. Goetzen kuwa Spicer-Simson bai yarda ya tunkare shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, katako mita 12 ba sa'an ƙarfe mita 70 ba ne. Jiragen saman Beljiyam masu sauka a ruwa ne suka kai masa hari a Yuni. Da sojan Kwango suka matso Kigoma, Jamusawa suka nutsar da shi da hannunsu ranar 26 ga Yuli 1916. Sojan Najeriya sun zo wannan yaƙin a ƙarshen shekarar, amma can kudu maso gabas suka yi faɗa, ba a tafkin ba.

Kafin a nutsar da shi injiniyoyin da suka haɗa shi sun shafe injinan da giris mai kauri. Da Ingilishi suka tsamo shi a 1924 injinan ba su ruɓe ba, ya koma aiki a 1927 da sunan Liemba. Sai a shekarun 1970 aka cire na tururi aka sa na dizal, aka sake yi masa babban gyara a 1993 da taimakon Denmark. A 1997 ya mayar da dubban 'yan gudun hijira Kwango, a 2015 ya kwaso na Burundi daga Kagunga.

Aikinsa ba cikakke ba ne. Yawancin zangonsa babu wurin jingina, yana tsayawa nesa da gaɓa ya busa ƙaho, kwalekwale su yo kansa ko da tsakar dare ne, a miƙa yara da buhuna ta gefe ruwa na rawa. A nan ake asarar kaya. Kuma jirgi ɗaya ne: da aka ajiye shi don gyara a 'yan shekarun nan, ƙauyukan kudu sun koma hannun jiragen katako da motoci.

Kayan da ke yawo a kan tafkin kun san irinsu. Dagaa, ɗan ƙaramin kifi irin wanda ake shanyawa a Kainji, da dare ake kama shi da fitilu. Wanda aka shanya a kan raga ya fi tsada domin na ƙasa yashi ne da shi. Akwai kifin migebuka da ake bandawa, manja na Kigoma, da gishirin Uvinza. Tun 2024 gwamnati na rufe kamun kifi daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Agusta, don haka mai son sari ya saya kafin lokacin.

A gaida Inna da yara. Wassalam.