Rikici tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago: sulhun cikin gida ko Kotun Ma'aikata?

Shugabannin rassan ƙungiyoyi sun sha tambayata inda ya kamata su nufa idan ƙungiyoyi biyu suka yi jayayya kan wadda ke da hurumin wakiltar ma'aikata da karɓar kuɗin ƙungiya daga albashinsu.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, sulhu a ƙarƙashin uwar ƙungiya, wato ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na Najeriya, NLC ko TUC, ya fi sauƙi, domin ba a ɗaukar lauya, kuma dattawan da suka san tushen rikicin ne ke zama da ɓangarorin. Sai dai rauninsa a fili yake: wanda bai gamsu ba yana iya yin watsi da matsayar, musamman idan ƙungiyoyin ba uwa ɗaya suke bi ba.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuwa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa shari'o'in ƙwadago, hukuncinta dole ne a bi shi. Can ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta garzaya bayan gwamnati ta yi wa wasu kishiyoyin ƙungiyoyin malaman jami'a biyu, CONUA da NAMDA, rajista a 2022, kotun kuma ta tabbatar da rajistar a 2023. Abin da ke damuna shi ne, shari'a na cin watanni, tana kuma barin tabo tsakanin mutanen da gobe za su zauna gaban mai ba da aiki ɗaya.

Sulhu ya dace da ƙungiyoyin da uwa ɗaya ta haɗa, waɗanda saɓaninsu bai wuce na kwasar mambobi ba. Kotu ta dace da waɗanda jayayyarsu ta shafi rajista ko fassarar doka.