Littafin Frank Tyson da na yi oda: an yanke min daɗi a Sydney

Tun ina karatu a Indiya na kamu da son wasan kurket (cricket), shi ya sa da na ga littafin tarihin Frank Tyson, tsohon mai jefa ƙwallo na Ingila, a wani shagon intanet ban yi wata-wata ba na yi oda. Babban abin da nake nema shi ne asalin laƙabin nan nasa, Typhoon, wato babbar guguwa. A nan kam littafin ya biya ni: 'yan jarida ne suka laƙaba masa, don ƙwallonsa kamar guguwa take zuwa, ga kalmar ta dace da sunansa a baki. Na kuma ji daɗin sanin cewa mutumin da ake tsoron jifarsa adabin Turanci ya karanta a jami'ar Durham.

Sai na iso rangadin da Ingila ta yi a Ostareliya daga 1954 zuwa 1955. A Brisbane ya sha wuya, mai bugun ƙwallo ɗaya tak ya fitar daga wasa, aka ci maki 160 a kansa. Daga nan ya rage nisan gudun da yake yi kafin jifa. A Sydney Ray Lindwall, mai jefa ƙwallo na Ostareliya, ya jefe shi a ƙeya, ya faɗi, aka wuce da shi asibiti. Gabana na faɗuwa na juya shafi, sai na sake ganin Brisbane! Shafuka goma sha shida babu su, an maimaita na baya a gurbinsu. Daidai wurin da ya dawo da kumburi a kai ya fitar da mutum 10 a wasan, Ingila ta ci da ratar maki 38. Wallahi raina ya ɓaci. Na rubuta wa mai shagon, ya ce tunda na cire ledar ba a mayarwa.

Babin Melbourne, inda ya fitar da mutum 7, aka ci maki 27 kacal a kansa, ya ɗan sanyaya min rai har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Amma da na karanta cewa wasa 17 kawai ya buga wa Ingila, ya fitar da mutum 76, sai takaicin ya dawo sabo. Mutumin da zamaninsa bai yi tsawo ba, a ce mafi girman ranarsa ce aka cire min?

Tauraro biyu na bayar. Na sake tura wa mai shagon hoton shafukan jiya, har yanzu shiru.