Adashin kullum da Hajiya ke karɓa a layinmu na teloli

Ni tela ne a Fagge, kuma duk wanda ya san sana'ar ɗinki ya san kuɗinmu ba sa zuwa a jere. Daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah ba ma samun barci, bayan sallah kuwa sai ka yini kana rage tsawon wando da gyaran wuyan riga. Shi ya sa nake son in yi magana a kan adashin kullum da wata Hajiya take zagayowa karɓa a layinmu, hidimar da nake biya wa kuɗi kowane wata da zuciya ɗaya.

Ba irin adashin da ake kwasa bi da bi ba ne. Kati take ba ka mai gida 31, kai ne za ka yanke abin da za ka riƙa zubawa. Bayan la'asar takan iso, ta karɓa, ta sa hannu a gidan ranar, ta kuma rubuta a nata littafin. In katin ya cika, ta ɗauki zubin rana ɗaya ladan aikinta, ta ba ka sauran. Ni naira 2,000 nake zubawa, don haka 60,000 nake karɓa. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ka ajiye shi za ka ɗauka.

Abokan aikina da yawa suna ganin asara ce ka biya wani don ya riƙe maka kuɗinka. Na fahimce su, amma ba ajiyar kaɗai nake saya ba. Ranar da zan karɓi katin farko ta ce da ni: "Malam, kada ka faɗi abin da za ka iya ranar ciniki. Faɗi wanda za ka iya ranar da ba kowa." Tambayar nawa zan iya zubawa ba ta amsuwa sai da biro da takarda. Dole na zauna na rubuta kuɗin cefane, zare da allura, man janareta, abincin yaran shago, kuɗin mota, katin waya, har da ɗan abin da ake miƙa wa 'yan'uwa in sun leƙo. Daga nan ne kuɗin shago da kuɗin gida suka rabu, kowanne da aljihunsa. Kafin alƙalamin da mai kawo ɗinki ya bari kuwa ba na taɓa shi sai na sayo kayan aikinsa, domin ba nawa ba ne tukuna.

Amfanin wannan rubutu ya fito fili bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Da yake ina da lissafin abin da janareta ke sha, na san daidai abin da zan ƙara a kan kowace riga, kuma na iya yi wa masu kawo ɗinki bayani ba tare da jin kunya ba. Guga na mayar da ita ta gawayi. Zubin bai tsaya ba, kuma da shi nake haɗa hayar shago, yadda in shekara ta zagayo ba na zuwa wurin mai gida da haƙuri a baki.

Ita kanta Hajiyar tana da kyawun mu'amala. Ba ta ɗaga murya in ka ce yau babu, sai dai ta bar gidan a buɗe ka cike gobe. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ta fara karɓa ta banki, wanda ya sauƙaƙa wa masu karɓar kuɗin ciniki ta waya.

Akwai inda hidimar ta gaza, kuma ba ƙarami ba ne. Kuɗin da ke hannunta amana ce kawai. Hukumar NDIC da ke ba ajiyar banki kariya ba ta san da zamansu ba, don haka in ta yi rashin lafiya ko aka yi mata sata, babu wanda zai biya ka. Haka kuma in buƙata ta taso ka janye a tsakiyar wata, zubin rana ɗayan nan sai ta cire shi cif, ko da kwana goma ka zuba. Ga tsadar kaya: a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, kuɗin da ya zauna raguwa yake yi. Saboda haka ba na barin kati biyu su haɗu a hannunta. Ranar da na karɓa, ranar nake miƙa wa mai gida wani kaso na hayar shago, in sayi hatsi ko zare da sauran.

Ma'aikacin da albashinsa ke shiga banki ƙarshen wata ba lallai ya buƙaci wannan ba. An yi shi ne don mu masu samun yau da gobe: tela, mai shayi, mai Adaidaita Sahu, mai tuyar ƙosai. Wanda zai shiga ya tambayi tsofaffin layin shekara nawa mai karɓar ta yi tana biya, ya san gidanta, kuma kada ya miƙa ko sisi sai ya ga ta sa hannu a katinsa a gabansa.