Gargaɗi kan masu sayar da gurbi a cacar bizar Amurka

Jama'a, a yi hattara da wasu mutane da ke tallata kansu a Facebook da WhatsApp a matsayin wakilan shirin cacar bizar Amurka, suna karɓar kuɗi da alkawarin samar wa mutum katin zama na dindindin, wato Green Card.

Shirin kansa na gaskiya ne. Dokar shige da fice ta 1990 ce ta kafa shi, ta ware biza har 55,000 a shekara, kuma wanda ya samu katin yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5. Amma tun daga zagayen 2015 aka cire Najeriya, saboda 'yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin shekara 5 sun haura 50,000. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba, don haka wanda aka haifa a Kano ko Sakkwato ba zai shiga ba, sai fa in zai jingina da ƙasar haihuwar matarsa ko mijinta, ko ta iyayensa bisa wasu sharuɗɗa.

A nan ne 'yan damfarar suka samu ƙofa. Sukan ce za su yi wa mutum takardar haihuwa ta Maraɗi ko Damagaram, ko su haɗa shi da matar bogi a cikin fom. Wanda ya yarda ya yi asara biyu, domin ban da kuɗinsa da suka tafi, jami'in ofishin jakadanci da ya gano ƙaryar a ranar ganawa yana da ikon haramta masa bizar Amurka har abada, alhali wanda ya shirya takardar yana zaune a shagonsa hankali kwance. Wasu kuma sukan cike fom ɗin da gaske, amma su riƙe lambar tabbatarwa da ake duba sakamako da ita, sai sunan mutum ya fito su ce ba za su ba shi ba sai ya biya maƙudan kuɗi. Har akwai masu shigar da suna sau biyu wai don ƙara sa'a, wanda hakan kaɗai ya isa a soke shigarwar.

Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ba ta aika wasiƙa ko imel ta ce ka yi nasara. Mai nema ne da kansa yake duba sakamako da lambarsa a shafin dvprogram.state.gov, kuma fitowar suna dama ce ta neman biza kawai. Kuɗin bizar ma a ofishin jakadanci ake biya ranar ganawa, ba a asusun wani ba. Duk wanda ya turo maka lambar asusunsa ya ce gurbi ya kusa ƙarewa, kada ka tura masa ko sisi, kuma kada ka ba shi hoton fasfonka.