Kwana takwas a kurmin Gwatemala: tafiyar ta ci kuɗinta, amma akwai gyara

Tun da muka dawo, ɗaliban da ke bayanmu suke ta tambayata ko wannan tafiya ta ci kuɗinta, don su san ko za su sa sunansu baɗi. Amsata ita ce ta ci, amma abin da ya sa ta ci daban yake da abin da kamfanin da ya shirya ta ya tallata mana, kuma akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a biya.

Mu goma sha huɗu ne daga sashen nazarin ƙasa da muhalli na jami'ar da nake karatu a Amurka, da malamai biyu. A hutun watan Maris muka tafi lardin Peten da ke arewacin Gwatemala, a Amurka ta Tsakiya. Jami'a ta ɗauko wani kamfanin shirya wa ɗalibai tafiye-tafiye, shi ke da alhakin mota da masauki da abinci da tikitin shiga wurare da ɗan jagora. Ni kaɗai ce Musulma a cikinmu, ni kaɗai ce kuma mai fasfon Najeriya, kuma tun daga nan na fara ganin gazawarsu. Na aika musu tambaya a kan takardun shiga ƙasar, sai da ta yi mako biyu ba amsa, ƙarshe ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarmu ne ya taimake ni. Duk mai fasfo irin nawa ya fara wannan cuku-cuku da wuri, kada ya jira kamfani.

A Flores aka sauke mu, wani ɗan tsibiri a tafkin Peten Itza wanda za ka kewaye shi da ƙafa cikin minti ashirin. Masaukin ba laifi: ɗaki mai tsabta, fanka mai aiki, ruwa ba ya ɗaukewa. A ƙarƙashin waɗannan gidaje masu fenti kala-kala ne birnin Nojpeten yake, masarauta ta ƙarshe ta Maya, 'yan asalin wannan yanki, da ta ƙi miƙa wuya ga Turawa. Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya ratsa ta nan a 1525, amma Sifaniyawa ba su ci garin da yaƙi ba sai 1697. Wannan bayani bai fito ko a layi ɗaya na takardar kamfanin ba. Daga bakin ɗan jagoranmu na ji shi, muna tsaye a dandalin da ke gaban cocin da aka gina a kan tudun tsibirin.

Wannan mutum shi ne rabin darajar tafiyar. Dattijo ne mai furfura, harshen Q'eqchi' ya sha a nono, ɗaya daga harsunan Maya, ga Sifaniyanci, ga Ingilishi daidai gwargwado. Bai da gaggawar magana. In aka yi masa tambaya sai ya ɗan yi shiru tukuna, ya nuna maka abin da hannunsa, sannan ya yi bayani.

Ranar zuwa Tikal, kufan wani babban birnin Maya a tsakiyar kurmi, da ƙarfe uku na dare aka tashe mu. Tafiyar kilomita wajen 65 ce a mota, sannan muka shiga kurmi da ƙafa, kowa da tocila. Ban taɓa shiga duhu irin wannan ba. Muna cikin tafiya sai wani gurnani ya ɓarke a bisa kanmu, mai kauri kamar na zaki, ya cika dajin gaba ɗaya, har wata yarinya ta damƙe hannuna. Ashe birai ne baƙaƙe, waɗanda girmansu bai wuce na ƙaramin kare ba, suna sanar da junansu iyakar yankinsu. Da asuba ta yi na raɗa wa jagoran ina son yin salla. Bai tambaye ni dalili ba. Ya tsayar da ayarin, ya haska mini wani fili a gefen hanya, ya share ganyaye da ƙafarsa don kada a samu tururuwa, na duba waya na ga alƙibla tana arewa maso gabas, ya juya baya ya tsaya har na idar. Ba zan manta masa wannan ba.

Daga nan muka hau matakalar katako zuwa saman Haikali na Huɗu, wanda tsayinsa ya kusa mita 70, an kuma gina shi wajen shekarar 741. Jagoran ya roƙi kowa ya yi shiru. Gaskiya ba mu ga fitowar rana ba, hazo ne ya rufe ko'ina fari fat, kuma haka yake yi sau da yawa, don haka kada hoton da ke kan takardar talla ya ruɗi kowa. Amma da gari ya ƙara wayewa sai hazon ya riƙa yayewa a hankali, kawunan wasu haikalai uku suka ɓullo daga cikin itatuwa kamar tsibirai, tsuntsaye masu dogon baki mai launin ɗorawa suna giftawa ƙasa da ƙafafunmu. Kurmi iya ganinka, ba hanya, ba rufin kwano, ba turken waya. Lokacin da muka je kuɗin shiga na baƙo ketsal (kuɗin ƙasar) 150 ne, da ƙarin 100 na shigar asuba. Wannan ƙarin bai tafi a banza ba.

A babban dandali Haikali na Ɗaya da na Biyu suna fuskantar juna. Na Ɗayan, mai tsayin mita 47, kabarin sarki Jasaw Chan K'awiil ne, wanda ya ci birnin Kalakmul da yaƙi a 695 ya dawo wa Tikal da martabarta. A 1962 masu tono daga Jami'ar Pennsylvania suka gano kabarin. An hana hawansa yanzu, kuma da ka ga tsayuwar matakalar ka san an yi daidai. A jikin duwatsun da aka kakkafa a dandalin jagoran ya koya mana karanta lissafinsu: ɗigo ɗaya, sanda biyar, ga kuma alamar sifili, ƙirgen yana tafiya ashirin-ashirin. Nan take na tuna kakata da ke cewa hauya idan tana nufin ashirin. Dutse na ƙarshe mai kwanan wata da aka samu a Tikal na shekarar 869 ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Babu kogi a Tikal, babu tafki na asali. Ƙasar dutsen farar ƙasa ce mai shanye ruwa kamar rariya, ga rani na watanni. To yaya dubban mutane suka rayu a nan shekaru aru-aru? Jagoran ya kai mu bakin wani ƙaton kwari da itatuwa suka cike, ya ce mu duba da kyau. Ramin da suka fasa dutsen gini ne, suka daɓe gindinsa da yumɓu, suka tare bakinsa da madatsa. Dandalin da muka taka kuwa an shafe shi da farar ƙasa, an ɗan karkata shi yadda duk ruwan saman da ya sauka zai gangara cikin ramin. Ni da na tashi a cikin birnin Zariya ban buƙaci dogon bayani ba, kududdufi ne. Inda aka ɗebi ƙasar gina gida nan ruwan damina ke taruwa. Bambancin kawai su sun tsara nasu da gangan tun daga tushe, har birnin gaba ɗaya ya zama mazurari. Malamarmu ta ƙara da cewa a 2020 masu bincike daga Jami'ar Cincinnati sun samu yashi da wani ma'adini mai tace ruwa a ɗaya daga cikin matattarar, alamar suna tace abin shansu, sun kuma samu gubar jan fentin da ake shafa wa gine-gine a matattarar da ke kusa da fada. Ga fari da ya yi ta maimaituwa a ƙarni na 9, ga yaƙe-yaƙe, ga daji da aka sare. A bakin wannan rami na fahimci darasin da na yi zango guda ina karantawa a aji.

Muna fitowa da hantsi sai na ci karo da itacen da muka wuce cikin duhu ban lura ba. Na tsaya cak. Rimi ne. Rimi sak irin namu, da saiwoyinsa masu faɗi kamar katanga da gangar jiki toka-toka miƙe sambal. Iri ɗaya ne da wanda ya ba Rimin Tsiwa da Rimin Doko sunayensu. Mutanen Maya suna ce masa yaxche, a wurinsu shi ne itacen da ya haɗa ƙarƙashin ƙasa da doron ƙasa da sama, kuma tun 1955 shi ne itacen ƙasar Gwatemala. Na gaya wa jagoran cewa a garinmu ana cewa rimi adon gari, da audugarsa ake cusa matashi da katifa. Ya yi murmushi ya ce su ma haka kakanninsa suke yi da ita. Na ɗora tafin hannuna a jikinsa na daɗe, kewar gida ta taso mini.

Yanzu ga inda na yi fushi. Takardar tallan kamfanin daga farko har ƙarshe tana maganar Maya ne a matsayin al'ummar da ta ɓace, kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye su. Alhali mutumin da ke riƙe da tocila a gabanmu ɗansu ne. A ƙidayar 2018 sama da mutum miliyan 6 a Gwatemala suka ce su Maya ne, harsunansu 22 ƙasar ta amince da su. A tsakiyar dandalin Tikal ma akwai murhun da har yau suke zuwa su ƙona turare su yi addu'o'insu, mun tarar da tokar da ɗuminta. Birane ne aka bari, mutane suna nan. Kamfanin da ke kai ɗalibai neman ilimi bai kamata ya sayar musu da wannan tatsuniya ba, musamman a ƙasar da yaƙin basasar 1960 zuwa 1996 ya fi cin ƙauyukan waɗannan mutane.

Wannan tunani nasu ya fito a jadawalin tafiyar. Awa biyu kacal aka ware wa Washaktun, ƙauyen da ke kilomita 23 arewa da Tikal, a tsakiyar gandun dajin da aka keɓe a 1990. Mutanensa jikokin masu tatsar ƙaron cingam ne, har yanzu za ka ga tsagar adda a jikin itatuwan, a karkace tana hawa sama. Tun shekarar 2000 gwamnati ta damƙa musu kula da daji sama da hekta 80,000, suna yankan ganyen ado da tsinkar 'ya'yan yaji da sare itace bisa ƙa'ida, su ne kuma masu kashe gobarar daji. Ga ɗaliban muhalli wannan shi ne ajin da ya fi kowanne. Wata mata ta fara nuna mana yadda ake dafa masara da farar ƙasa, a wanke, dusar ta saɓule ba tare da surfe ba, a markaɗa, a tafa da hannu a gasa a faffaɗan kasko. Ina tsugune gefenta, ƙullun yana hannuna, direba ya fara danna ham. Aka kwashe mu, aka kai mu wani shagon tsaraba a bakin titi muka ɓata awa guda da rabi. Ranar zuwa Yasha, wani tsohon birnin Maya a bakin tafki, ma haka aka yi, a guje muka hau dala don mu riski faɗuwar rana a kan tafki, ba mu ga komai na birnin ba.

Sai abinci. Na cike fom tun wata biyu kafin tafiya, na rubuta ba na cin alade da duk abin da aka haɗa da shi. Ba wanda ya isar da saƙon ga masauki. Baƙin waken da ake ci safe da yamma a wurare da yawa da kitsen alade ake soya shi, don haka kwana biyun farko ƙwai da gwanda da gurasar masara kawai na ci. Jagoran ne ya lura, ya rubuta mini a takarda sin cerdo, sin manteca, wato ba alade ba kitsensa, ya kuma shiga madafa da kansa ya yi magana. Daga nan na samu farin kifin tafkin gasasshe da soyayyar ayaba da shinkafa, kuma kifin ya yi daɗi ƙwarai. Aikin kamfani ne wannan, shi ya ɗauka don kirkinsa.

Zafin Maris a Peten mai ɗanko ne, ba irin na gida da gumi ke bushewa ba. Hijabi mara nauyi na auduga ya fi, da takalmi rufaffe da doguwar safa saboda kaska, da ruwa aƙalla lita uku a rana. Motar tana da sanyi, direban yana tuƙi da natsuwa, ba wanda ya yi rashin lafiya a cikinmu, wannan kam na yaba musu.

Da ƙanwata za ta tambaye ni, zan ce ta je, amma sai ajinsu ya kafa sharuɗɗa a rubuce kafin a biya ko sisi: kwana ɗaya a Washaktun, a cire shagon tsaraba, a tabbatar da maganar abinci da masaukin kai tsaye, kuma ɗan jagora ya zama ɗan ƙasa mai jin ɗaya daga harsunan Maya. Haka na rubuta wa kamfanin da shugaban sashenmu, na kuma roƙa a ƙara wa dattijon nan kuɗin aikinsa.

Kafin a tura mu cikin mota a Washaktun na samu na sayi ƙullin garin 'ya'yan itacen ramon a hannun matan ƙauyen, wanda suke gasawa su niƙa. Jiya da safe na dama kunu da shi, na zuba madara. Ƙamshinsa tsakanin gahawa da koko yake, kuma saura bai fi cokali uku ba a ledar.