Motar gwamnati da motar jami'a: abin da na gani a hanyar zuwa karatu a Legas

Duk wanda ke zaune a Agege yana karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantun Legas ya san cewa kafin ya yi tunanin lacca sai ya gama tunanin mota. Ni ma'aikaci ne da rana, ɗalibin digiri na biyu da yamma da ranar Asabar, don haka tafiyata kashi biyu ce. Dogon zango ina yin sa a motar BRT, wato babbar bas ta gwamnatin jiha, gajeren kuma, daga bakin titi zuwa cikin makaranta, a ƙananan motocin da jami'armu ke kula da su. Na daɗe ina hawa duka biyun, kuma ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya: gara jami'a ta sauke wannan nauyi ta miƙa shi ga masu kula da sufurin jiha.

Bari in fara da ta gwamnati, tunda ita ce ta fi ɗaukar lokacina. Layin da nake bi shi ne na Abule Egba zuwa Oshodi, wanda aka buɗe a watan Agustan 2020. Babban abin da ya sa nake hawa shi ne hanyar da aka keɓe masa a tsakiyar titi. Wanda ya san yadda titin Legas zuwa Abeokuta ke cushewa daga Iyana Ipaja har Ikeja Along zai gane abin da nake nufi. Kana zaune a kujerarka kana wuce jerin danfo, wato ƙananan bas na haya, da motocin gida da suka tsaya cik, ka buɗe littafi ka duba abin da za a karantar. Rabin shirin jarrabawata a cikin wannan mota na yi shi.

Sai kati. Tun da aka fito da katin Cowry a 2020 na huta da rigimar canji. A danfo, idan ka miƙa dubu ɗaya, kwandasta zai haɗa ka da wani fasinja da ba ka sani ba ya ce ku je ku raba, ku tsaya a bakin titi kuna neman mai ruwan leda ya fasa muku kuɗi. A nan kuwa ka ɗora kati a na'ura, ta cire abin da aka rubuta, shi ke nan. Hadari ya haɗu ko bai haɗu ba, kuɗin bai canza. Kuma katin nan ɗaya ne ake shiga jirgin ƙasa da shi, na Marina zuwa Mile 2 da ya fara jigila a Satumban 2023, da na Agbado zuwa Oyingbo da ya fara a Oktoban 2024, wanda ke tsayawa a tashar Agege. Babu agbero, wato ɗan tasha, mai rataye a ƙofa yana dukan mota, babu direba mai sauke mutane a tsakiyar hanya ya ce ya fasa zuwa.

Ba a rasa abin ƙorafi ba. Da sassafe da kuma bayan tashi daga aiki layin mutane yakan yi tsawo har mutum ya fara tunanin komawa danfo, don motocin ba su kai yawan jama'a ba. Wani lokaci ka shiga ka tarar na'urar sanyi ba ta aiki ga mutane a tsaitsaye. Wani lokaci mai sa kuɗi a kati ya ce maka babu netwok. Na koyi sa kuɗin mako gaba ɗaya tun ranar Lahadi. Duk da haka, idan aka ce in ba da maki, zan ba da mai tsoka.

To, inda lamarin ke ɓaci shi ne idan na sauka. Daga nan kati ya gama aikinsa, sai a koma laluben aljihu. Motocin da ke shiga da mu makaranta ƙanana ne, yawancinsu irin waɗanda ake kira korope, mallakar mutane ne da suka yi rajista da jami'a aka ba su lamba da launi. Kuɗinsu da sauƙi, wannan gaskiya ce, kuma direbobin da yawa dattawa ne masu mutunci da suka san fuskokinmu. Amma motar ba ta tashi sai ta cika. Da safe wannan ba matsala ba ce, sai ma turereniya. Da rana tsaka kuwa, ko bayan laccar dare, sai ka zauna kana kallon kujera biyu da babu kowa, agogo na tafiya. Idan ƙarfe tara ta wuce, sa'a ce ka samu ko ɗaya. Mu maza mukan taka da ƙafa zuwa ƙofa. 'Yan'uwanmu mata, musamman masu aure da ke komawa nesa, su ne abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, kuma tun da aka hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2022 babu wata mafita ta gaggawa.

Ban ga laifin jami'a sosai ba, don ba aikinta ba ne. Ofishin da ke kula da motocin nan shi ne ke fama da ɗakunan kwanan ɗalibai da ruwa da wuta da rikicin ƙungiyoyi. Ba shi da garejin gyara, ba shi da masu tsara jadawali, ba shi da kuɗin sayen manyan motoci. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ƙayyade farashi ya raba lamba. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gwamnatin jiha ta iya zabge rabin kuɗin motocinta daga watan Agusta na ɗan wani lokaci, saboda tana da baitulmali. Jami'a kuwa sai zaman sulhu tsakanin direbobi da shugabannin ɗalibai, kowa na da gaskiya, kowa na kuka.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: ba ɗalibai kaɗai ke hawa motar jami'a ba. Masu shara, masu gadi, mata masu sayar da abinci, 'yan'uwanmu masu gyaran takalmi da yankan farce da sayar da lemo, iyalan ma'aikata da ke zaune a gidajen ciki, marasa lafiya masu zuwa asibitin makaranta, duk a ciki muke haɗuwa. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai sun watse a jami'o'in da abin ya shafa, masu motoci suka nemi wasu hanyoyin, amma waɗannan bayin Allah suna nan. Wani dattijo mai shayi da nake tsayawa wurinsa ya taɓa ce mini, "Ɗana, ku in an rufe makaranta gida kuke tafiya. Mu da ke ci a nan, wa zai ɗauke mu?" Na ce, "Baba, wallahi kun fi mu gaskiya." Jami'a a Legas unguwa ce guda mai dubban mutane, ko ta Akoka ce ko ta Ojo. Unguwa kuwa haƙƙinta ne motar gari ta shiga cikinta.

Na san abin da abokan karatuna ke tsoro, kuma ban raina shi ba. Suna cewa yau idan aka ƙara kuɗin mota, shugabannin ɗalibai za su iya shiga ofis su yi magana a ji su; gobe idan abin ya koma Alausa, hedikwatar gwamnatin jiha, wa zai saurare su? Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, jami'a ce ta san makon jarrabawa da ranar yaye ɗalibai da lokacin da ake fitowa daga ɗakin karatu da dare. Akwai batun tsaro a ƙofa, akwai kuma cewa wasu makarantun na tarayya ne, filinsu ba na jiha ba ne. Shi ya sa na ce miƙawa, ban ce a wanke hannu ba. A rubuta yarjejeniya: farashin ɗalibi ya zama daban a kan katinsa, jami'a da wakilan ɗalibai su sami kujera a wurin tsara jadawali, kuma mota ta riƙa tashi a kan lokaci ko da mutum uku ne a ciki. A Jamus jami'o'i da yawa sun daɗe suna haɗa kuɗin motar gari cikin kuɗin zangon karatu, ɗalibi ya hau da shaidarsa. Ba lallai mu kwafa ba, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne direbobin yanzu, don masu iyali ne, wasu sun yi shekaru a wannan hanya. Sai dai Legas ba baƙuwa ba ce a wannan. Hukumar LAMATA mai kula da sufurin Legas, da aka kafa a 2002, lokacin da ta buɗe layin BRT na farko daga Mile 12 zuwa CMS a Maris 2008, da ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi aikin, 'yan ƙungiyar ne suka haɗa kai suka tuƙa motocin. Haka a 2021 da aka fito da ƙananan motocin shiga unguwanni masu karɓar kati, masu zaman kansu aka ba su gudanar a ƙarƙashin dokar hukuma. Irin waɗannan motoci su ne daidai da titunan cikin makaranta, kuma dattawan da ke tuƙa mu yau su ya kamata a fara kira idan za a raba su. A gwada da hanya ɗaya tak, daga tashar BRT ko ta jirgin ƙasa mafi kusa zuwa tsakiyar makaranta, na zangon karatu guda, motar ƙarshe ta tashi bayan an rufe ɗakin karatu.